Bonobo: yawansa a daji da yadda ake kiyaye zuriyarsa a gidajen namun daji

Bonobo babban biri ne, ɗan'uwan cimfanzi, wanda ba a samunsa a daji sai a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, kudu da Kogin Kwango. Ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda farauta da sare dazuzzuka. Haihuwarsa kuma ba ta da yawa, domin mace kan ɗauki ciki na kimanin wata takwas, ta haifi ɗa guda, sannan ta yi shekara huɗu zuwa biyar kafin ta sake.

A gidajen namun daji, an fara samun haihuwar bonobo a Frankfurt ta Jamus a 1962. Waɗanda ke Turai da Amurka a yau sun fito ne daga kakanni ƙalilan, don haka ake gudun barbara tsakanin dangi na kusa, wadda ke raunana zuriya. Masana a Antwerp ta Beljiyam ne ke riƙe da kundin asalin kowane ɗaya. Da shi ake duba wa za a haɗa da wa. Yawanci mata ake sauya wa gida, domin a daji ma mace ce ke barin garken da aka haife ta in ta balaga, namiji kuwa ya zauna kusa da uwarsa.