Kwatanta Hanyoyin Magance Amsawar Haƙori: Wacce Ta Fi Dacewa da Al'ummar Batsari da Safana?

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta manyan hanyoyin magance amsawar haƙori, wato zogin nan mai kaifi da ke zuwa nan take idan sanyi ko tsami ko zaƙi ya taɓa haƙori. An yi bitar binciken da aka wallafa, aka auna shi da yanayin ƙananan hukumomin Batsari da Safana a yammacin Jihar Katsina. Maƙalar ta tsaya a kan cewa kawar da musabbabi, da amfani da man goge baki mai toshe ƙofofin dentin (sashen da ke ƙarƙashin farin ɓawon haƙori), da shafa fulorayid a cibiyoyin lafiya na matakin farko, sun fi dacewa da yankin fiye da hanyoyin da ke buƙatar na'ura da ƙwararren likita.

1.0 Gabatarwa

Idan hunturu ya kankama a ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, mai amsawar haƙori yakan fara jin ta tun wurin alwalar asuba, da zarar ruwan da ya kwana a buta ya shiga baki. Da azumi kuma kunun tsamiya da zoɓo mai ƙanƙara ne ke tayar da ita. Alƙaluman yaɗuwar matsalar sun sha bamban ƙwarai. Bitar da Favaro Zeola da abokan aikinta suka yi a 2019 ta tarar da sakamako daga kashi 1.3 har zuwa kashi 92.1 cikin ɗari, ta kuma ƙiyasta cewa kashi 11.5 ne ya fi kusa da gaskiya. A Nijeriya, Bamise da abokan aikinsa sun samu kashi 1.34 a asibitin koyarwa na Ile-Ife a 2007. Sai dai wanda ya isa asibiti kaɗai irin wannan lissafi yake ƙirgawa, alhali a karkara mutum ba ya barin gonarsa saboda zogin da ke wucewa cikin daƙiƙoƙi. Abin da yake yi shi ne ya daina tauna da wannan ɓangaren, ya daina goge shi, daga nan datti ya taru, cutar dasashi ta biyo baya.

2.0 Yadda Ciwon Yake Faruwa

A ƙarƙashin farin ɓawon haƙori akwai dentin, wanda ke cike da sirarran ƙofofi masu ɗauke da ruwa, suna zarcewa har zuwa jijiya. Bayanin da masana suka fi yarda da shi na Martin Brännström ne, ɗan ƙasar Suwidin, tun shekarun 1960: idan ɓawon ya zaizaye ko dasashi ya janye, ƙofofin sukan buɗe, sanyi ko iska su motsa ruwan da ke ciki, motsin kuma ya tayar da jijiya. Absi da Addy da Adams sun nuna a 1987 cewa haƙori mai amsawa yana da buɗaɗɗun ƙofofi kusan ninki 8 na lafiyayye, faɗinsu kuma kusan ninki 2. A ƙa'idar gudanar ruwa cikin bututu, idan faɗi ya ninka sau 2, ruwan da ke wucewa yakan ninka sau 16. Daga nan ne magungunan suka kasu gida biyu: masu kwantar da jijiya, da masu toshe ƙofa. Na farko kamar lallashin mai gadi ne ya daina ihu alhali ƙofar gida na buɗe, na biyu kuwa rufe ƙofar ne.

3.0 Kwatanta Magungunan

Gishirin fotasiyam naitiret, wanda Hodosh ya gabatar a 1974 kuma ake sa kashi 5 cikin ɗari a man goge baki, shi ne jigon rukuni na farko. Yana buƙatar a yi amfani da shi safe da dare na aƙalla makonni biyu kafin a ji sauƙi, kuma amfaninsa yakan gushe idan an daina. Bitar Cochrane ta 2006, wadda Poulsen ya jagoranta, ba ta samu gamsasshiyar hujja a kansa ba. A rukuni na biyu akwai sitanos fulorayid, da ajinin kashi 8 haɗe da alli, da wani nau'in gilashi mai sakin sinadarin kalsiyam wanda ya samo asali daga aikin Larry Hench a 1969, da sitirontiyam da man Sensodyne ya fara da shi a 1961. Bitar su Bae ta 2015 ta goyi bayan fotasiyam da sitanos fulorayid da ajinin da gilashin, amma ba ta samu isasshiyar hujja ga sitirontiyam ba. Tunda masana sun saɓa a kan fotasiyam, sitanos fulorayid ya fi cancanta a fara da shi, domin bayan toshe ƙofofi yana kuma kare haƙori daga ruɓewa da zaizayar tsami.

Magungunan da ake shafawa a asibiti sun fi saurin aiki. Fenti mai sodiyam fulorayid kashi 5, irin su Duraphat, ana shafa shi da ɗan buroshi cikin mintuna kaɗan bayan an tsane haƙori da auduga, ba ya buƙatar lantarki ko kujerar likitan haƙori. Rauninsa shi ne yakan gushe, sai an maimaita bayan wasu watanni. Gluma, mai ɗauke da gulutaraldihaid kashi 5, yana daskarar da furotin a cikin ƙofofin, amma yana iya ƙona dasashi idan hannu bai ƙware ba. Ruwan azurfa mai fulorayid kashi 38, wanda Japan ta daɗe tana amfani da shi kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi domin amsawar haƙori a 2014, yana tsayar da ruɓewa, sai dai yana baƙanta wurin da ya ruɓe har abada, don haka turamen baya ya fi dacewa da su. Hasken leza ma yana rage zogi, amma na'urarsa na da tsada, tana son wuta tsayayya da ƙwararre, kuma ba a tabbatar cewa ya zarce sauran da ratar da za ta biya kuɗinsa ba.

Idan aka ɗora wannan a kan Batsari da Safana, ma'aunin ba ƙarfin magani kaɗai ba ne. Likitan haƙori ya fi samuwa a birnin Katsina, inda Asibitin Koyarwa na Tarayya yake, kuma hare-haren 'yan bindiga na shekarun nan sun sa tafiya ta zama abin da ake yi wa dogon lissafi. Maganin da ke buƙatar komawa birni sau uku bai kai wanda ke samuwa a kemis ko a cibiyar lafiya ta gunduma ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man goge baki mai fulorayid da ruwan azurfa mai fulorayid cikin jerin muhimman magungunanta, abin da ke ƙarfafa ra'ayin cewa kula da baki aikin matakin farko ne.

4.0 Ƙalubale da Amsoshinsu

Ƙalubale mafi nauyi shi ne cewa a gwaje-gwajen man goge baki, waɗanda aka ba man da babu magani a cikinsa su ma sukan ce sun samu sauƙi sosai, kuma kamfanoni ne ke ɗaukar nauyin da yawa daga cikin binciken. Wannan gaskiya ne, amma abin da yake koyarwa shi ne a fara da hanya mai arha wadda ba ta cutarwa. Idan rabin sauƙin daga tsammani yake zuwa, babu dalilin sa manomi ya sayar da buhun gero domin leza. Fulorayid kuwa, ko da tasirinsa a kan zogi bai kai yadda ake tallatawa ba, kariyarsa daga ruɓewa tabbatacciya ce.

Na biyu, ana iya cewa magani zai ɓoye babbar cuta. Wannan haɗari ne na gaske, domin kogon haƙori da tsagewa da kumburin jijiya duk suna iya farawa da jin sanyi. Amma akwai alamomin da jami'in lafiya zai iya koya: amsawa takan gushe da zarar an janye abin da ya tayar da ita, zogin da ya daɗe kuwa, ko ya tashi mutum daga barci, ko ya zo da kumburi, na turawa asibiti ne ba tare da jinkiri ba. Makarantun koyon aikin lafiya na Kankiya da Daura suna yaye jami'an da za a iya ƙara musu wannan horo.

Na uku, wasu za su ce mutanen yankin da asuwaki suka saba, man na musamman kuma ya fi ƙarfin aljihu. Asuwaki ba shi da laifi idan an tauna bakinsa ya yi laushi, aka goga a hankali daga dasashi zuwa bakin haƙori. Abin da ke cin wuyan haƙori shi ne dirza a kwance da ƙarfi, da buroshi mai tauri, da gawayi ko toka ko gishiri. Farin ɓawon yakan fara narkewa idan lambar ma'aunin tsami (pH) ta sauka ƙasa da 5.5, kuma tsamiya da zoɓo da lemon kwalba duk sun fi haka tsami. Kurkure baki da ruwa bayan an sha su, da jinkirta gogewa na kimanin rabin sa'a, ba sa cin ko kwabo. Haka nan tofar da man ba tare da kurkurewa ba yana barin maganin ya daɗe a kan haƙori.

5.0 Kammalawa

Hujjojin sun nuna cewa babu magani guda da ya rinjayi sauran a kowane hali. Tsarin da ya dace da Batsari da Safana shi ne mataki-mataki: a tabbatar ba wata cuta ba ce, a gyara yadda ake goge baki da shan abin tsami, a yi amfani da man mai toshe ƙofofi na wasu makonni, sannan a shafa fentin fulorayid idan ba a samu sauƙi ba, a tura abin da ya gagara zuwa Katsina. Ana kira ga hukumar lafiya a matakin farko ta jihar da ta samar da fentin a cibiyoyin gundumomi, ta horar da jami'anta, masu bincike kuma su gwada wannan tsari a tsakanin mutanen yankin domin a san tsawon lokacin da sauƙin yake ɗauka.