Yadda likitoci ke gano borin jinin da kifi da jatan lande ke haddasa wa yara

Borin jini na daga cikin alamun farko da ke nuna jikin yaro bai karɓi kifi, jatan lande ko ƙaguwa ba. Fata kan tashi rudu-rudu da ƙaiƙayi, wani lokaci leɓe ko fatar ido su kumbura, galibi daga 'yan mintuna zuwa sa'o'i 2 bayan cin abincin.

Matakin farko na bincike shi ne tambayoyi. Likita zai so sanin abin da yaron ya ci, lokacin da alamun suka bayyana, da ko hakan ya taɓa faruwa. Ya kamata iyaye su ambaci garin busasshen jatan lande da ake zubawa a miya, domin dafuwa ba ta kashe sinadarin da ke tayar da borin.

Daga nan akan yi gwajin fata. Ana ɗiga ruwan sinadarin abincin a hannu ko bayan yaro, a ɗan tsaga wurin da tsinin allura, sannan a duba bayan minti 15 zuwa 20. Akan dakatar da maganin ƙaiƙayi kwanaki kaɗan kafin gwajin. Akwai kuma gwajin jini da ke auna ƙwayoyin garkuwa na IgE.

Sai dai sakamakon gwaji shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Yaron da jikinsa ba ya jure ƙyankyasai ko ƙananan ƙwarin ƙurar ɗaki na iya nuna alamar bori ga jatan lande a gwaji, alhali yana cinsa lafiya. Hanya mafi tabbaci ita ce ba shi abincin kaɗan-kaɗan a asibiti ƙarƙashin kulawar likita, kuma ba a gwada hakan a gida.

Kifi irin su taitus, sardin da tuna da suka daɗe ba a cikin sanyi ba na tara sinadarin histamin, wanda ke haifar da alamu masu kama da bori. Idan mutane da dama suka kamu bayan cin kifi ɗaya, wannan ake fara zargi.

Ingantaccen bincike na hana a raba yaro da kifi ba gaira ba dalili, musamman ganin cewa rashin jure jatan lande ba lallai ne ya shafi kifi ba. Amma idan borin ya zo da sarƙewar numfashi, amai ko suma, a garzaya asibiti nan take, domin allurar adirenalin ce ke ceton rai.