Tsohon Tubali a Ƙasar Sin

Fatakenmu da ke zuwa saro kaya birnin Guangzhou, wanda Turawa suka daɗe suna kira Kanton, ba su rasa jin sunan Xintang ba. Gari ne a gabashin birnin, a bakin kogin Dongjiang, kuma tun shekarun 1980 ya shahara da ɗinkin wandon jins. Amma garin ya girmi masana'antunsa nesa ba kusa ba, gama a nan aka haifi mashahurin malamin nan Zhan Ruoshui a shekarar 1466, zamanin daular Ming.

Gidajen gargajiya na wannan yanki da ƙonannen tubali mai ruwan toka aka gina su, da sassaƙaƙƙen dutse, da katako, da fale-falen yumɓu na rufi. Abin lura shi ne kwaɓin da aka haɗa tubalan da shi, watau ƙonanniyar farar ƙasa. A manyan gine-gine irin su ganuwa har da kunun shinkafa mai danƙo akan zuba a ciki. Irin wannan kwaɓi yana riƙe bango shekara da shekaru, amma bai fi tubali ƙarfi ba. In aka zo rushe gida, sai a ɓamɓare tubali ɗaya bayan ɗaya, a kankare shi, ya koma sabon gini lafiya lau. Bahaushen da ya ga magina suna zare azara daga tsohon soro, su kuma sake kwaɓa ƙasar bangon, ba zai yi mamakin wannan ba.

Tarihin ganuwar Bejin ya isa shaida. Daga tsakiyar shekarun 1960 aka shiga rushe ta don a haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa. A 1969, da dangantaka ta yi tsami tsakanin Sin da Tarayyar Sobiyet, aka kwashi tubalanta masu yawa aka gina ramukan fakewa daga harin jiragen sama. Talakawa kuma suka ɗebi rabonsu, wani ya tā da ɗaki, wani madafi. Da hankali ya dawo, a 1996, aka yi yekuwa cewa duk mai tubalin ganuwa ya taimaka ya mayar. Jama'a kuwa suka yi ta kawowa, har a kan kekuna, aka gyara guntun da ya rage a kudu maso gabashin tsohon birnin. Tubali guda ke nan ya yi aikin ganuwa, ya yi na madafi, ya sake komawa ganuwa.

Siminti ne ya yanke wannan zumunci. Shi ya fi tubali tauri, don haka kafin ya saki sai tubalin ya karye. Benayen kankare da suka cika garuruwa irin su Xintang, in ranar rushe su ta zo, rodi kaɗai ke da kasuwa sosai. Sauran sai a niƙa a yi cikon hanya, ko a jibge a bayan gari. Shi ya sa tsohon tubali ya zama haja, dillalai suna bin ƙauyukan da za a tashe su suna saye, masu gyaran haikalin kakanni suna nema ido rufe. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

Wanda ya fi fito da darajar abin a idon duniya shi ne mai zanen gine-gine Wang Shu, tare da matarsa Lu Wenyu. A gidan tarihi na birnin Ningbo, wanda aka kammala a 2008, sun lulluɓe bangon da tubala da gutsattsarin fale-falen da aka tsinto daga ƙauyukan da aka rushe a wajen. Dabarar ba tasu ba ce, ta manoman gaɓar teku ce, waɗanda in guguwa ta kayar musu da gida sukan tattara abin da ya saura su mayar da bango cikin gaggawa. A 2012 aka ba Wang Shu kyautar Pritzker. Sai dai a faɗi gaskiya, ƙashin ginin nan na Ningbo kankare ne, tsofaffin tubalan riga ce kawai aka sa masa.