Manoman Ingila Da Barewar Sarki

Duk wanda ya taɓa yin lambu ya san irin ɓarnar da dabba ta ke yi cikin dare ɗaya. Mutum ya sha wahalar ban ruwa wata biyu, ya wayi gari ya tarar an cinye shukar ƙarƙaf. A ƙasar Hausa maganin abin sananne ne. A kan yi shinge da ƙaya, ko a ja darni, a ɗana tarko. In dabbar daji ce a farauce ta, in kuwa ta gida ce a kai ƙarar mai ita. Amma a ƙasar Ingila an yi shekara wajen 800 manomi ba shi da cikakken ikon yin haka, domin dabbobin da su ke cinye masa shuka na sarki ne ko na masu ƙasa, doka kuwa tana goyon bayansu.

Dabbobin nan iri biyu ne. Ta fari ita ce barewar Turai. Ta yi kama da barewar da a ka sani, sai dai ta fi ta girma, ƙahonin namijin kuma rassa gare su kamar itace, suna faɗuwa kowace shekara waɗansu su fito. Tana cin hatsi tun yana ɗanye, ta ci tohon itatuwa, ta ɓare musu ɓawo har su mutu. Na biyu shi ne zomon rami. Zomon ƙasar Hausa a bisa ƙasa ya ke kwana, cikin ciyawa, akwai irinsa kuma a Ingila. Shi wannan kuwa ramuka ya ke haƙawa, su zauna da yawa wuri ɗaya kamar 'yan gari.

A cikin shekarar 1066 Wiliyam, sarkin Normandi ta ƙasar Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi. Mutum ne mai son farauta ƙwarai da gaske. Da ya zauna da gindinsa sai ya keɓe manyan yankuna ya ce gandun farautarsa ne, ya kafa musu doka dabam da ta sauran ƙasa. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne wanda ya keɓe a kudu wajen shekarar 1079, har yanzu kuwa New Forest a ke kiransa, watau Sabon Daji. Kada mai karatu ya ɗauka gandun nan kurmi ne wanda babu kowa a ciki. Akwai ƙauyuka, da gonaki, da lambuna, da makiyaya, duk aka zagaye aka haɗa da su. A zamanin Sarki Hanri na Biyu, wanda ya yi sarauta daga 1154 zuwa 1189, gandun sarki ya kai tsakanin rubu'i da sulusin ƙasar, har lardin Essex kaf ɗinsa ya shiga ciki.

Dokar gandu abu biyu ta ke tsarewa, naman da kuma abincinsa. Marubutan zamanin Wiliyam sun rubuta cewa wanda ya kashe barewa makantar da shi a ke yi. Mutumin da ke zaune cikin gandu ba shi da iko ya yi yawo da baka da kibiya. In yana da babban kare, sai ma'aikatan daji su zo su yanke wa karen yatsu uku na ƙafar gaba, don kada ya iya bin barewa da gudu. Ba ya sare itace ko ya yi sabuwar gona sai da izini. Abin da ya fi duka ciwo shi ne maganar shinge. In an yarda wa mutum ya kewaye gonarsa, sharaɗin shi ne ramin ya zama ƙarami, shingen kuma gajere, yadda barewa za ta iya shiga ta fita ita da ɗanta. Watau dai an ba shi izinin tsare gonarsa daga shanun maƙwabta, amma ban da dabbobin sarki. Ba abin da ya rage masa sai ya kwana a gona cikin sanyi yana ihu.

Farautar ba ta bar gidan Wiliyam lafiya ba. Ɗansa Richard ya mutu wajen farauta a Sabon Daji, ɗansa Wiliyam na Biyu kuma, wanda ya gaje shi, kibiya ta same shi a cikin dajin nan a 1100, ya mutu nan take. Mutane da yawa a lokacin sun ce alhaki ne.

Ba talakawa kaɗai dokar ta dama ba, har da hakimai da manyan limamai waɗanda ƙasarsu ta faɗa cikin gandu, da bakinsu kuwa a ka sami sauƙi na fari. Sun tilasta wa Sarki Jon ya yarda da babbar takardar alkawari a 1215, sa'an nan a watan Nuwamba na 1217 a ka fitar da wata takarda musamman a kan gandun daji, da sunan ɗansa Hanri na Uku, yana yaro ɗan shekara 10. A cikinta a ka hana kashe mutum ko yanke masa gaɓa saboda barewa. Sai tara, in ba shi da abin biya a ɗaure shi shekara ɗaya da kwana ɗaya. An kuma sake waɗansu yankuna daga cikin gandun. Amma yankan yatsun karnuka bai tashi ba, an dai ƙayyade a riƙa binciken sau ɗaya a shekara uku, wanda a ka sami karensa da yatsu cikakku ya biya sule 3.

Ana cikin haka zomon rami ya iso. Asalinsa daga ƙasar Sifen ne, mutanen Normandi su ka kawo shi Ingila a ƙarni na 12 saboda namansa da gashinsa. Da farko ba ya jure sanyin ƙasar, sai da lallashi. A kan tara masa tudu mai taushi don ya ji daɗin haƙa, a naɗa mutum guda mai lura da shi, yana kai masa abinci lokacin ƙanƙara. Kiwonsa da kamunsa gata ne na manya, wanda sarki ya ke bayarwa a rubuce. Zomo kuwa bai san iyaka ba, da ya fito rami sai gonar da ta fi kusa. Talakawa sun tsane shi ƙwarai. A tawayen manoma na 1381, mutanen garin St Albans sun kutsa cikin ƙasar babban limaminsu, su ka kama zomo da rai, su ka ɗaure shi a kan sanda, su ka kai shi tsakiyar gari su ka kafe a jikin turun masu laifi, don kowa ya shaida sun ƙwaci ikon farauta. Murnarsu ba ta daɗe ba. An murƙushe tawayen, ba a kuma yi shekara goma ba a ka yi dokar da ta hana duk wanda ƙasarsa ba ta kawo masa fam 2 a shekara ya ajiye karnukan farauta ko raga.

Sannu a hankali ƙarfin sarakuna ya ragu, ya koma hannun masu ƙasa waɗanda su ka cika Majalisar Dokoki. Manomi dai canjin ubangida kawai ya samu. A 1671 majalisa ta ɗaga ƙa'idar, ta ce sai mai ƙasar da ke kawo fam 100 a shekara ke da ikon farauta da ajiye bindiga da tarko dominta. Yawancin manoman Ingila kuwa haya su ke yi, ba su mallaki gonar ba. A dajin Windsor da na lardin Hampshire barewa ta yi yawa har mutane su ka gaji. Waɗansu su ka fara fita da dare ƙungiya ƙungiya, sun shafe fuskokinsu da baƙi don kada a gane su, suna karkashe barewa suna karya shingen manya. A 1723 majalisa ta mayar musu da martani da wata doka mai tsanani wadda a ke kira Baƙar Doka, ta sa hukuncin kisa a kan laifuffuka wajen 50. A cikin shekarar nan a ka rataye waɗansu daga cikinsu a Landan. Sai da dokar ta yi shekara 100 kāna a ka soke yawancinta.

A wannan zamani ne zomo ya fi ƙarfin kowa, dalilinsa kuwa gyaran noma ne da kansa. Manoma sun fara shuka saiwoyi da ciyawa don tumaki su ci lokacin sanyi, zomo ya sami abinci a watannin da dā yunwa ke kashe shi. An raba filaye da shingen itatuwa masu kauri, ya sami gindin da zai haƙa rami. Masu gadin namun manya kuma su ka karkashe shaho da kyanwar daji da sauran masu cin ƙananan dabbobi. Macen zomo wata ɗaya ta ke yi da ciki, tana iya haihuwa sau huɗu ko biyar a shekara. Manoman Ingila kan ce zomo bakwai zuwa goma suna cin abin da tunkiya ɗaya za ta ci. Duk da haka mai ƙasa kan rubuta a takardar haya cewa zomayen gonar nasa ne. Ana binne tarkon ƙarfe mai karya ƙafar mutum, da bindiga mai tashi da kanta in an taɓa igiya, sai a 1827 a ka hana. Bisa dokar 1828, wanda a ka kama yana farautar dare sau uku ana iya kai shi ƙasar waje ya yi shekara 7 yana aikin fursuna, Ostareliya kuwa a ke kai su. Can ɗin ma zomo ya bi su, gama a 1859 wani mai ƙasa, Thomas Austin, ya saki zomaye 24 kusa da garin Geelong don ya sami abin harbi, zuriyarsu ta mamaye ƙasar.

Taimako na sosai da masu lambu su ka fara samu daga hannun maƙeri ya fito. A birnin Norwich, garin masaƙa, wani mai sayar da kayan ƙarfe, Charles Barnard, ya dubi yadda a ke saƙar tufa, a 1844 ya ƙera injin da ke saƙa waya ta zama raga. Kafin nan shingen da ya fi tsare zomo shi ne ginin dutse ko tubali, wanda sai attajiri ke iyawa. Ragar waya kuwa tana da araha, mutum biyu sa iya kewaye lambu da ita a yini ɗaya.

Doka ta biyo baya da ɗingishi. A 1845 wani ɗan majalisa, John Bright, ya sa an kafa kwamitin da ya saurari kukan manoma, amma ba abin da ya fito nan da nan. A 1851 a ka yi dokar kawar da barewa daga Sabon Daji, a ka karkashe yawancinsu cikin shekara biyu. Ba tausayin manoma ya kawo haka ba, gwamnati ce ta ke so ta dasa itatuwan katako. Sai a 1880, zamanin Firayim Minista Gladstone, a ka yi dokar da ta ba duk mai noma gona ikon kashe zomaye iri biyun nan a gonar da ya ke nomawa, ko da haya ya ke yi. Abin da ya ba dokar ƙarfi shi ne an ce duk yarjejeniyar da ta ƙwace masa wannan iko banza ce. Da ba don haka ba, da masu ƙasa sun mayar da tsohon sharaɗinsu cikin takardun haya.

Izinin ya zo a makare, zomo ya riga ya cika ƙasa. Wajen 1950 ana ƙiyasta yawansu a Birtaniya tsakanin miliyan 60 da miliyan 100. Abin da tarko da bindiga su ka kāsa, cuta ta yi shi. Sunanta miksomatosis, asalinta daga Amurka ta Kudu. A 1952 wani likitan Faransa, Armand-Delille, ya sa ta ga zomayen gandunsa da gangan, ta tsallake ta bazu, a 1953 ta ɓulla a lardin Kent na Ingila. Ƙuma ce ke yaɗa ta. Cikin 'yan shekaru ta kashe wajen 99 daga cikin kowane 100. Mutane su ka yi ta ganin zomaye a bakin hanya, idanu sun kumbura, ba su gani balle su gudu, har majalisa ta haramta yaɗa cutar da gangan a cikin dokar 1954. A cikin dokar nan kuma a ka ɗora wa mai gona wajibi ya kashe zomayen da ke ƙasarsa, ko ya kange su kada su yi wa maƙwabci ɓarna. Abin da a ke ɗaure kakansa dominsa, yanzu shi doka ke bukata daga gare shi.

Zomayen da su ka tsira sun haifi masu jure cutar, su ka sāke yawa. Barewa ma ta komo, gama kyarkecin da ke cinta ya ƙare a Ingila tun ɗaruruwan shekaru. An kuma sami baƙuwa, wata ƙarama mai kamar gada, wadda a ka kawo daga ƙasar Sin wajen shekarar 1900 a ka ajiye a gandun Woburn. Ta sulale ta bazu, tana shiga har lambunan cikin gari tana cin furanni. Dokar barewa ta 1991 ta ƙayyade watannin da a ke harbi da irin bindigar da a ke harbi da ita, ko da ya ke ta bar wa manomi ƙofa in ɓarnar ta yi tsanani.

Mai ƙaramin lambu ba ya harbi a tsakanin gidaje, saboda haka ragar waya ita ce abin dogaronsa. Don zomo a kan sa mai ƙananan ido, kamar inci ɗaya, tsawonta wajen ƙafa 3, a lanƙwasa gindinta inci 6 ta fuskar waje a rufe da ƙasa, domin zomo a gindin shinge ya ke fara haƙa, da ya ci karo da waya sai ya bari. Don manyan barewa sai an kai ƙafa 6. Ƙananan itatuwa kuma a kan sa wa kowanne rigar waya ko ta roba, har ɓawonsa ya yi tauri.