Kuɗin Goro Daga Waje, Gori Daga Gida: Matan Mormon da Ma'aunin Mace Tagari

Gabatarwa

Cocin da aka fi sani da Mormon, wanda Joseph Smith ya kafa a jihar New York ta Amurka a 1830, yana da cibiyarsa a birnin Salt Lake na jihar Utah. Matansa sun daɗe suna fama da hukunci iri biyu. Bare na yi musu kuɗin goro, yana ɗaukarsu mata marasa bakin magana. A cikin gida kuwa, wadda ba ta yi aure ba, ko ba ta haihu ba, ko take fita aiki, takan sha gori daga 'yan'uwanta mata. Wannan maƙala tana ganin cewa tushen hukuncin biyu ɗaya ne, wato ɗaukar siffar mace guda a auna dukan mata da ita, kuma wa'azi kaɗai ba zai kawar da shi ba.

Kallon Bare

Auren mace fiye da ɗaya, wanda cocin ya bayyana a fili a 1852, shi ne mafarin zargin. A 1856 jam'iyyar Republican ta jera shi tare da bauta a matsayin ragowar rashin wayewa, jaridu kuma suka riƙa zana matan Utah tamkar fursunoni. Amma abin da matan suka aikata ya saɓa wa wannan hoto. Tun 1842 suke da ƙungiyarsu ta agaji, Relief Society, wadda aka kafa a garin Nauvoo ƙarƙashin Emma Smith, matar Joseph Smith. A 1870 suka sami damar jefa ƙuri'a, shekara 50 kafin tsarin mulkin Amurka ya tabbatar wa mata wannan haƙƙi a faɗin ƙasar. Daga 1872 zuwa 1914 suka buga jaridarsu, Woman's Exponent, wadda Emmeline B. Wells ta daɗe tana jagoranta.

Abin lura shi ne, majalisar dokokin Amurka ce ta ƙwace musu ƙuri'ar a 1887, a cikin dokar yaƙi da auren mata da yawa, wadda aka ce don ceto su aka yi. Bayan cocin ya janye daga wannan aure a 1890, Utah ta zama jiha a 1896, a shekarar kuma aka zaɓi likita Martha Hughes Cannon, mace ta farko da ta zama sanatar jiha a Amurka, alhali mijinta yana cikin 'yan takarar da suka faɗi. Wannan ba ya nufin babu ƙunci a gidajensu. Littattafan sirrin da suka bari, waɗanda masaniyar tarihi Laurel Thatcher Ulrich ta nazarta, cike suke da kishi da kaɗaici da talauci. Darasin dai shi ne, mai tausayin da bai saurari wadda yake tausaya wa ba, ƙarshenta cutar da ita yake yi.

Gorin Cikin Gida

A ƙarni na 20 cocin ya ƙara ɗaukaka matsayin uwa mai zaman gida. A 1987 shugabansa Ezra Taft Benson ya yi kira ga iyaye mata su fifita gida a kan aikin albashi, sanarwar da cocin ya fitar kan iyali a 1995 kuma ta ɗora wa uwa renon 'ya'ya a matsayin babban nauyinta, ko da yake ta yarda yanayi kan sa a daidaita. Girmama uwa ba laifi ba ne. Matsalar ta taso ne lokacin da al'ada ta mai da shawara ta zama sikeli. Har laƙabi aka ƙirƙira, Molly Mormon, na macen da ta yi aure da wuri, ta tara 'ya'ya, gidanta tsaf, fuskarta kullum a sake. Wadda ta gaza kai wa nan sai a yi shakkar imaninta, wadda ta kai kuma sai a raina mata wayo. Kowace ta sha kashi.

Sikelin ma bai dace da zahiri ba. A 2021 babban jami'in cocin M. Russell Ballard ya bayyana cewa fiye da rabin baligan mabiya ba su da aure: wasu ba su taɓa yi ba, wasu aurensu ya mutu, wasu abokan zamansu sun rasu. Fiye da rabin mabiyan kuma suna wajen Amurka, a ƙasashe irin su Meziko da Brazil da Filifin da Ghana da Nijeriya, inda zaman gida ba tare da sana'a ba bai yiwuwa ga mata da yawa.

Abin da Ke Karya Sikelin

A 2012 wani babban jami'in cocin, Dieter F. Uchtdorf, ya yi huɗuba mai ƙarfi yana roƙon a daina tsegumi da yanke wa juna hukunci. Nasiha ce mai kyau, amma mutane sun fi gaskata wanda aka ɗora a kujera fiye da abin da aka faɗa a mumbari. Chieko Okazaki, 'yar asalin Japan da ta tashi a Hawaii cikin addinin Buddha, malamar makaranta, ta shiga shugabancin Relief Society a 1990. Sheri Dew ta shiga a 1997 ba tare da ta taɓa aure ba. A 2022 aka naɗa Camille Johnson, wadda ta shafe kusan shekara 30 tana aikin lauya tana kuma renon 'ya'yanta, shugabar ƙungiyar. Kowane naɗi ya gaya wa dubban mata cewa rayuwarsu ba naƙasasshiya ba ce.

Akwai ƙalubale mai nauyi ga wannan fahimta. Masu suka na cewa muddin limanci da hukuncin ƙarshe suna hannun maza kaɗai, su ne ke tsara sikelin, mata aunawa kawai suke yi. Korar Sonia Johnson daga cocin a 1979 da ta Kate Kelly a 2014, dukansu masu fafutukar haƙƙin mata, sun nuna iyakar da ke akwai. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai gorin yau da kullum a tsakanin mata yake faruwa, a zaman darasin Lahadi da ziyarar gida, kuma a nan ikonsu cikakke ne. Mujallar Exponent II, wadda matan yankin Boston suka kafa a 1974, ta nuna cewa za a iya haɗa mai biyayya da mai tambaya a shafi ɗaya ba tare da an kori kowa ba.

Kammalawa

Tarihin matan Mormon bai taɓa zama na mace iri ɗaya ba: akwai likita da 'yar jarida da manomiya da uwar 'ya'ya goma. Saboda haka hanyar gyara uku ce: a koyar da wannan tarihi yadda yake, a ba mata mabambanta rayuwa matsayi na gaske, a kuma tambayi mace labarinta kafin a yanke mata hukunci. Wannan nauyi yana kan manazarcin da ke kallo daga nesa kamar yadda yake kan 'yar'uwar da ke zaune kusa da ita a coci.