Tarihin tseren motoci a hamada: Daga Kano da Agadas zuwa Saudiyya

A watan Janairun kowace shekara, ɗaruruwan matuƙa motoci da babura kan hallara a ƙasar Saudiyya domin gasar nan da ake kira Dakar, wadda ake ɗauka a zaman tseren hamada mafi wahala a duniya.

Sunan gasar na babban birnin Senegal ne, amma rabon da ta taka ƙasar Afirka tun shekarar 2007.

A da, hanyar irin wannan tsere ta kan ratsa ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Agadas ta daɗe tana zaman babban zango, kuma akwai shekarar da birnin Kano ya kasance inda masu tsere suka juya suka koma arewa.

Yadda ake tseren

Tseren hamada ya bambanta da na Formula One, inda motoci ke zagaye fili guda mai kwalta, wanda ya riga isa kuma shi ne gwani.

A hamada ana raba tafiyar ne zango-zango, kowane zango a yini guda, har na tsawon kimanin makonni biyu.

Ana sakin motocin ɗaya bayan ɗaya, a kuma rubuta lokacin da kowa ya ɓata. A ƙarshe sai a tara, wanda lokacinsa ya fi ƙanƙanta shi ya yi nasara.

Kowane direba na da abokin tafiya a gefensa, wanda aikinsa shi ne karanta littafin hanya da masu shirya gasar suka bayar. Mai babur kuwa shi ne direba, shi ne mai karatu.

Wanda ya tsallake wani wurin da aka wajabta a bi, ko ya makara, akan ƙara masa mintoci ko sa'o'i a matsayin tara.

Saboda haka gudu kaɗai ba ya kai mutum ga nasara. Sanin hanya, da tattalin mai da ruwa, da iya gyaran mota a cikin rairayi, su ne kan raba gardama.

Shekarar da aka zo Kano

A watan Mayun 1974 aka shirya wani tsere daga London zuwa Munich, albarkacin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya da Jamus ta Yamma ta karɓi baƙunci a shekarar.

Maimakon a bi gajeriyar hanya, sai aka tsara cewa motocin za su bi ta Faransa da Spain da Moroko da Aljeriya, su keta Sahara ta Tamanrasset da Agadas har zuwa Kano, sannan su juya su nufi Tunisiya da kudancin Turai.

Zaɓen Kano ba abin mamaki ba ne. Shekaru aru-aru ayarin raƙuma na bin hanyar Agadas da Damagaram suna sauke kaya a birnin, kuma hanyar mota ta Sahara kusan sawunsu ta bi.

Motoci 70 ne suka tashi daga London. Sai dai tun a Aljeriya al'amura suka dagule, domin littafin hanyar bai dace da abin da direbobi suka tarar a ƙasa ba, kasancewar an yi sabon aikin hanya bayan an rubuta shi.

Motoci da dama suka ɓace a cikin hamada, wasu suka lalace. Daga cikin waɗanda tafiyarsu ta ƙare a Aljeriya har da Stirling Moss, shahararren direban Formula One ɗan Birtaniya.

Motoci 19 ne kawai suka isa Munich, kuma biyar ne daga cikinsu suka bi hanyar baki ɗaya.

Wasu 'yan Australiya uku, Ken Tubman da André Welinski da Jim Reddiex, su ne suka yi nasara a cikin mota ƙirar Citroën DS.

Motocin da suka zo na biyu da na uku da na huɗu duk ƙirar Peugeot 504 ne, kuma biyu daga cikinsu mata ne Faransawa suka tuƙa su.

Shekara guda bayan haka, a 1975, aka fara harhaɗa Peugeot 504 a masana'antar da ke Kaduna. A wannan shekarar ce kuma motar ta lashe gasar Safari ta Kenya. Daga bisani ta zama motar gwamnati da ta haya a duk faɗin arewacin Najeriya.

Daga Paris zuwa Dakar

Gasar Dakar ta samo asali ne daga wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine, wanda ya ɓace a kan babur a hamadar da ke tsakanin Nijar da Libiya a 1977, lokacin wani tsere daga Abidjan zuwa Nice.

Bayan an ceto shi, sai ya ƙuduri aniyar shirya tasa gasar.

Ranar 26 ga watan Disamban 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga Paris. Sun bi ta Aljeriya, suka shiga Nijar ta Agadas da Yamai, suka wuce Mali. Guda 74 ne suka isa Dakar a watan Janairun 1979.

A shekarun 1980 hamadar Tenere ta zama zuciyar gasar. A 1983 wata guguwar rairayi ta batar da kimanin masu tsere 40 a can, aka shafe kwanaki ana nemansu ta sama kafin a gano su.

Shekara guda kafin nan, Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Birtaniya ta lokacin, ya yi kwana shida ba a san inda yake ba a kudancin Aljeriya, lamarin da ya ƙara sa duniya ta san gasar.

Shi kansa Sabine ya mutu ne ranar 14 ga watan Janairun 1986, lokacin da jirgi mai saukar ungulu da yake ciki ya faɗi a Mali ana tsakiyar gasar. An watsa tokar gawarsa a gindin wata bishiya a Tenere.

A 1997 an ma sauya tsarin gasar baki ɗaya, inda aka tashi daga Dakar zuwa Agadas, aka kuma koma Dakar.

Riba da asara

Ga mutanen Agadas, zuwan gasar kaka ce. Masu masauki da masu sayar da mai, da makanikai da maƙeran azurfa, da 'yan jagora da suka san hamada, duk sukan samu ciniki.

Hotunan Tenere da duwatsun Abzin da gidajen talabijin na Turai ke nunawa sun taimaka wajen janyo masu yawon buɗe ido.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan harka shi ne Mano Dayak, Ba'abzine da ya yi aiki tare da Sabine, daga baya kuma ya zama ɗaya daga cikin jagororin tawayen Abzinawa. Ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Disamban 1995, kuma filin jirgin saman Agadas na ɗauke da sunansa.

To amma gasar ta sha suka. Masu adawa da ita na ganin wasa ne na masu hannu da shuni, da ke ratsa ƙauyukan da ke fama da fari da talauci, su bar musu ƙura da hanyoyin da suka lalace.

Mafi muni shi ne asarar rayuka. Baya ga masu tsere da suka mutu, motocin sun sha kaɗe mutanen gari. A 2006 kaɗai yara biyu aka kashe, ɗaya a Guinea, ɗaya a Senegal.

Haka kuma 'yan Afirka ƙalilan ne suka iya shiga a matsayin masu tsere, saboda tsadar mota da kuɗin rajista da na ma'aikata.

Dalilin ƙaura

Matsalar tsaro ce ta raba gasar da yankin, kuma sannu a hankali abin ya faru.

A 1991 an harbe wani direban babbar mota har lahira a arewacin Mali, lokacin da tawayen Abzinawa ke ruruwa.

A shekarar 2000, da ayarin ya isa Yamai a kan hanyarsa ta zuwa Alƙahira, sai aka samu gargaɗin cewa ana shirin kai masa hari a arewacin Nijar. Aka soke zangunan da suka rage a ƙasar, aka kwashe motocin da manyan jiragen dakon kaya zuwa Sabha ta Libiya. Tun daga lokacin gasar ba ta sake komawa Nijar ba.

A watan Disamban 2007 aka kashe wasu Faransawa huɗu masu yawon buɗe ido a Mauritaniya. Ranar 4 ga watan Janairun 2008, ana gobe za a tashi daga Lisbon, aka soke gasar ɗungurungum.

Daga 2009 zuwa 2019 an gudanar da ita a Kudancin Amurka, sannan aka mayar da ita Saudiyya a 2020.

Ƙaurar ta zo daidai da bunƙasar direbobin Larabawa. Nasser Al-Attiyah na Qatar ya lashe ɓangaren motoci a 2011 da 2015 da 2019 da 2022 da kuma 2023, yayin da Yazeed Al-Rajhi ya zama ɗan Saudiyya na farko da ya yi nasara a 2025.

Abin da ya rage

Wasu tsofaffin gwanayen Dakar sun kafa wata gasa mai suna Africa Eco Race, wadda ke bin Moroko da Mauritaniya zuwa Senegal, amma ba ta kusantar Nijar.

Gasar Safari ta Kenya ta koma cikin jerin gasannin duniya a 2021, bayan shekaru 19. Ita kuwa Formula One, tun tseren Afirka ta Kudu na 1993 ba a sake yin ta a nahiyar ba.

A arewacin Najeriya, tseren motoci da aka fi sani shi ne wanda akan haɗa da bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kebbi.

A Kano kuwa, daga Gwale zuwa Dala, in aka ce tsere abin da ke fara zuwa a rai shi ne na dawakai, wanda ke da filinsa da dokokinsa da alƙalansa.

Sha'awar mota ba ta samu irin wannan gata ba. Matasan da ke da ita sukan fitar da ita ne ta hanyar wasan mota a kan titi, musamman a lokutan biki, abin da kan jefa su da masu wucewa cikin haɗari.

A ƙasashen da wasan ya zauna da gindinsa, akwai filin da aka killace, da hular kwano da ɗamara, da motar asibiti a gefe, da kuma ƙungiyar da ke bayar da lasisi.

Samar da irin wannan a Kano ko Kaduna abu ne da ke hannun hukumomi da attajirai. Dawowar manyan gasanni zuwa Tenere kuwa ta rataya ne a kan samun zaman lafiya a yankin Sahel.