Ƙofar Mata: Filin Sani Abacha da Zaurensa

Saurayin da ya taso daga Mairuwa, ya hau mota a Funtuwa ya nufi Kano kallon Pillars, Ƙofar Mata zai tambaya. A can, kusa da tsohuwar marinar da Kano ke tinƙaho da ita, filin wasa na Sani Abacha yake.

Gasar ƙwallon ƙafa ta matasan duniya da Najeriya ta karɓi baƙunci a 1999 ce ta fito da shi idon duniya. Janar Abacha, ɗan Kano, ya rasu ranar 8 ga Yuni, 1998, bai ga wannan biki ba, sai filin ya ci sunansa. A 2000 aka buga wasannin kofin Afirka a cikinsa, a 2009 kuma na 'yan ƙasa da shekara 17. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, nan ta mayar gida. Daga nan "Masu Gida", kamar yadda ake yi wa ƙungiyar kirari, suka ɗauki kofin Firimiya a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014.

Ni kam rufaffen zauren da ke harabar ya fi burge ni, duk da ba a cika yi masa kirari ba. Ruwan damina ba ya tsayar da wasa a cikinsa, ƙurar hunturu ma haka. A nan 'yan ƙwallon kwandon Pillars suka goge har suka zo na uku a gasar zakarun kulob-kulob na Afirka a Alƙahira a 2016. Idan kuwa babu wasa, sai a jera kujeru: yau mawaƙan Kannywood da masoyansu, gobe 'yan siyasa da taronsu. Gini ɗaya, amfani barkatai.

Da korona ta shigo a 2020, Gidauniyar Ɗangote ta mayar da filin cibiyar killace masu cutar, Pillars ta koma buga wasanninta na gida a Kaduna. Magoya baya sun ji jiki kafin ta dawo.

Matasan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a jihar Katsina ma suna da ƙarfi da basira. Gwamnatin Katsina, a gina musu irin wancan rufaffen zaure na Kano, ko da ƙarami ne.